Abin da Aka Dasa a Gonar Gwiwa

Jurfan, 9 ga Yuni

Zuwa ga ɗana Dahham ɗan Mut'ib, a gonakin dankali na Bika'a.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Shamsa da yara, waɗanda na sani da waɗanda aka haifa a tanti ban taɓa gani ba. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafata ta hagu ta daina jin maganata, sai na lallashe ta kafin ta raka ni masallaci. Ummu Hawwas tana gaishe ku. Jininta yana hawa yana sauka kamar farashin sukari, sai dai shi sukari bai san sauka ba.

Ina kuma gaishe da wanda zai buɗe wannan takarda a shingen gada kafin ta iso gare ka. Allah ya ba shi ladan karatu. Rubutuna ya lalace, ya yi haƙuri da tsoho.

Ka tambayi labarin gari. Kogin Furatu ya rame, ɗana. Wurin da ubanka ya kusa nutsewa shekarar da ya bi saniyar wani gwauro cikin ruwa, yanzu jaki yana ratsawa bai jiƙa cibiya ba. An ce can sama aka ɗaure kogin. Bututun injinan ban-ruwa suna reto a iska kamar harshen kare, ruwan ya gudu ya bar su. Wanda ya ƙara wa bututunsa tsawo kuma sai ya tarar babu man dizal, wanda ya sami man sai ya tarar rabinsa ruwa ne, ruwan da ya rasa a kogi.

Mun yanke alkama makon jiya. Ba laifi, ba kuma yabo. Rumbun gwamnati har yau babu rufi, tattabaru ne ma'aikatansa. Masu saye biyu ne, na wannan gaɓa da na waccan, kuma duk wanda ka sayar wa, ɗayan zai riƙe sunanka a ransa. Ni na zuba tawa a ɗaki na ce ɓeraye su yi mana hukunci. Auduga kuwa an daina zancenta, mai shan ruwa ce, ba ta dace da zamanin ba. Kasuwar Talata da ka sani, wadda mutum ke ɓacewa a cikinta, yanzu in ka yi atishawa a wannan baki, na wancan bakin zai ce maka yarhamukallah. Hanyar hamada ba a bin ta. Makiyaya uku sun bi ta da bazara, tumakinsu ne suka dawo.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka ce shekara bakwai ta ishe ka haƙar dankalin wasu, kana so ka dawo da kaka ka shuka alkama a Gwiwa, gonar ubanka ta inda kogi ya lanƙwasa. Ni da ubanka kakanninmu wa da ƙane ne, kuma shi ya ɗora hannuna a kanka ranar da zai rasu, don haka ka saurare ni. Ka saurare ni da irin kunnen da kake sauraron kakarka Fidda in tana yi muku ka-cici-ka-cici.

An riga an dasa gonar. Ba mu muka dasa ba, ba a kuma nemi shawararmu ba. Dashe ne mai tsari, layi-layi, tun daga bakin hanya har ruwa. Irin ba ya neman ban-ruwa, ba ya tsoron fari, an ce yana iya shekara talatin a ƙasa bai gaji ba. Abu ɗaya ne ba ya so, a taka shi. Maƙwabcinku Sattam ya jera duwatsu a gefenta, ya shafa musu jan fenti, yana korar duk wanda ya matso, mutum ko dabba. Ni kuma na ce ya yi daidai.

Ka zauna inda kake bana. Dankalin wasu ya fi wannan amfanin gona.

Ka gaishe da Shamsa. Ka ba direba Abu Rakan amsarka in ya juyo.

Baffanka,
Jad'an Abu Hawwas


Bika'a, 14 ga Yuli

Zuwa ga Baffa Jad'an, Allah ya ƙara girma.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso bayan wata guda. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi gudawa saboda ruwan tanki, ta warware. Allah ya ba ƙafarka sauƙi, ya ba Ummu Hawwas lafiya.

Baffa, na karanta takardarka sau uku.

Ka-cici-ka-cicin ba mai wuya ba ne. Irin da ba ya tsoron fari, mai shekara talatin a ƙasa, wanda ake dasawa layi-layi kuma ba a so a taka, ko yaro ya san zaitun ne. Kuma ni ɗan Jurfan ne, na san abin da ake nufi in mutum ya dasa itace a ƙasar wani ya jera duwatsu. Alkama baƙuwa ce, shekara guda ta tafi. Itace kuwa shaida ne. Nan da shekara biyar za a zauna a zauren shehu a ce, wa ya dasa? A ce Sattam. Duwatsun wa? Na Sattam. Shi ke nan, ɗan Mut'ib ya zama mai ba da labari.

Har da fenti! Ubana ya shekara ashirin yana faɗa da mutumin nan a kan taku ɗaya na lambatu. Ya mutu bai bar masa takun ba. Yanzu ya sami dunum goma sha biyu, kusan eka uku, a banza, har yana yi musu kwalliya.

Na tambayi Abu Rakan. Ya ce shi tuƙi ya sani, amma ya ga Sattam da idonsa zaune a bakin gonar da sanda. Na ce, "Me aka dasa?" Ya duba hagu ya duba dama, ya ce, "Ka tambayi baffanka." Ashe har direbobi ya tsorata.

Shamsa ta ce, "Ka sake karantawa, maigida, tsohon nan ba ya magana hanya ɗaya." Na ce mata hanya nawa ake bi a ce wa mutum an ƙwace gonarsa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne layin nan naka: "Ni kuma na ce ya yi daidai." Baffa, kai ne? Nan ana kiranmu da sunan lambar tanti. Mai gona yana ce mini "kai ɗan gudun hijira" a gaban 'ya'yana, ina haɗiyewa, don na san ina da ƙasa a bakin Furatu mai sunan ubana. In babu ita, me nake haɗiyewa dominsa?

Ka faɗa mini a fili. Ka tsaya mini ko ka tsaya masa?

Ɗanka,
Dahham


Jurfan, 20 ga Agusta

Ɗana Dahham,

Gaisuwa a taƙaice yau, muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Wannan takarda ba za ta bi ta hannun mai karatun gada ba. Ummu Hawwas za ta naɗe ta ta tura tsakiyar jakar busasshiyar kuɓewa, ta ɗinke baki. Ko Abu Rakan ba zai sani ba, don kada a kama shi da abin da ya sani. Na dai ce ya gaya muku ku dafa da wuri.

Kakarka takan ba da labarin mutumin da aka ce wa, "Akwai zaki a rijiyarka," ya ce, "Wa ya ba shi izinin shan ruwana?" Kai ne mutumin nan. Zaitun! Wa ya taɓa ganin zaitun a bakin Furatu, kai jikan Fidda?

Nakiya ce, ɗana. Nakiyoyi aka binne a gonar ubanka.

Shekara uku ke nan, da sanyi, lokacin da kogi ya zama iyaka tsakanin masu bindiga biyu. Gwiwa ita ce wurin da ruwa ya fi ƙanƙanta, nan ake jin tsoron a ƙetaro. Wata la'asar mota ta zo, aka kore mu gida, aka ce duk wanda ya leƙo shi ya sani. Kwana biyu suna aiki. Da suka tafi, gonar tana nan lumui kamar an share ta don baƙi.

Jakin Sattam ne ya fara karanta mana abin da aka rubuta a ƙasar. An tsinci sirdinsa a kan rufin ɗakin inji. Bayansa sai Hulaif mai sayar da gishiri, wanda ya yanke hanya don rana ta yi zafi. Mun yi masa salla, makarar ba ta da nauyi.

Me ya sa ban rubuta haka tun farko ba? Waɗanda suka dasa su ne ke zaune a gada yau, kuma sun ce ba su dasa kome ba. Ustaz Hazza, malamin makaranta, ya zana taswirar gonakin da abin ya shafa don a nuna wa yara inda ba a bi. Aka ce ya zana wa na ƙetare hanya. Ya shekara biyu da tafiya amsa tambaya. Tun daga nan kalmar ta fita daga bakin mutanen garin. Sai mu ce "dashe". Mun saba da ita har na manta kai ba ka nan lokacin da muka koye ta. Wannan laifina ne.

Sattam kuwa, ragowar fentin ƙofar makaranta ya roƙa. Ya kwashi duwatsu a kafaɗa, shi da ya girme ka da shekara talatin. Na karanta masa takardarka, ban ɓoye kome ba. Ya ce, "Abu Hawwas, ɗan nan ubansa ne sak. Kai kamar tulu, baki kamar bututu." Na ce, "Ka ji haushi?" Ya ce, "In ina son gonar Mut'ib, da na ƙwace ta yana da rai, don in ga fuskarsa. Meye daɗin ƙwace ta yanzu?"

Ka riƙe wannan da kyau. Duwatsun suna gefen hanya da gefe biyu ne kawai. Ta bakin ruwa babu ko ɗaya, don babu mai iya isa can ya ajiye. Wanda ya sauka daga kwale-kwale ba zai ga alamar kome ba, sai ƙasa mai kyau tana kiransa.

Ka tambaya ko na tsaya maka. Ga shi na rubuta kalmar da aka tafi da Ustaz saboda ita. Ka ƙone takardar in ka karanta.

Baffanka,
Jad'an


Bika'a, 17 ga Oktoba

Baffa Jad'an,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Kuɓewa ta iso tun watan jiya. Na tambayi Abu Rakan, "Takarda fa?" Ya ce babu, baffanka ya ce ku ci da daɗi. Na sa ya zazzage aljihunsa, ya ɗaga kujerar mota. Babu.

Na jira zuwansa na biyu. Babu. Wata uku ke nan da na yi maka tambaya guda, amsarta jakar kuɓewa. Na gane. Haka ake yi wa yaro in yana kuka, a cusa masa abu a baki. Shamsa ta rataye ta a sandar tanti ta ce sai sanyi ya shigo, kamar yadda ake yi a gida. Ni ko kallonta ba na son yi.

Na cire igalina, Baffa. Baƙar igiyar nan ba za ta koma kan mayafin kaina ba sai na jefa duwatsun Sattam cikin Furatu ɗaya bayan ɗaya, na tumɓuke abin da ya dasa. Na rantse a gaban mazan tantinmu, sun ji. Ba zan sha gahawar kowa a Jurfan ba, har taka, sai na yi wannan.

An gama haƙar dankali, lokacin shuka ya matso. Zan taso ranar Asabar. Ka san gada ba ta son masu shekaruna, don haka zan shigo ta inda ubana yake shigowa in ya dawo daga kasuwar ƙetare, ƙafarsa ta farko a kan ƙasarsa. Waya ba zan ɗauka ba, ka san dalili.

Ba na neman ka raka ni. Ka dai gaya wa abokinka ya jira ni.

Dahham ɗan Mut'ib


Bika'a, 25 ga Oktoba

Baffa,

Ni ce Shamsa. Ka gafarce ni, ban iya gaisuwa ba yau.

An yi ruwan farko jiya, yara suka ce kuɓewa suke so. Na farke ɗinkin. Baffa, na gani. Na karanta a tsaye, na zauna a ƙasa ban san na zauna ba.

Yau kwanansa huɗu da tafiya. Ba shi da waya. Na bi duk wanda na san yana da ɗan'uwa a ƙetare, babu wanda ya san ta inda ya bi. Fiye da wata guda jakar nan tana reto a kan kanmu, muna kwana a ƙarƙashinta. Ni na hana a buɗe. Na ce ba a cin busasshiya alhali ɗanya tana kasuwa, haka uwata ta koya mini.

Don Allah, don darajar Annabi, ka sa a tsare bakin ruwa. Ka ce wa Baffa Sattam ni Shamsa 'yar Khalaf ina riƙe da gefen rigarsa. Ya zage shi, ya doke shi, ya karya masa ƙafa in ya so, kada dai ya bar shi ya taka.

Kai kuma mai karatu a gada, kana da uwa. Ka bar wannan ta wuce.

Shamsa


Jurfan, 11 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Shamsa,

Assalamu alaikum. Mijinki yana da rai, ƙafafunsa biyu, hannuwansa biyu. Na sa wannan a farko don ki iya karanta sauran a zaune. Ki sha ruwa. Ki gaishe da yara. Wannan ma ba za ta bi ta hannun mai karatun gada ba. Mu nan muna nan yadda Allah ya ajiye mu.

Takardarki ta iso bayan an gama kome. Tasa ce ta riga shi zuwa da kwana tara. Da na karanta zancen kuɓewa a sandar tanti, na kira Ummu Hawwas na ce, "Ke da kika ɗinke jakar, yaushe ake buɗe busasshiyar kuɓewa?" Ta dafe ƙirji. Shekara hamsin ina cin miyar matar nan, ban taɓa lura da watan da take fara ta ba. Kada ki ɗora wa kanki, 'yata. Kin yi abin da kowace 'yar Jurfan za ta yi. Wayon tsoho ne ya yi yawa har ya taka kansa.

Na je wurin Sattam. Na karanta masa, har da "ya jira ni". Ya ce, "To, ai sai mu jira shi." Muka yi ta ƙwala wa masunta kira a kan ruwa, su gaya wa masu fito kada a sauke kowa a Gwiwa. Wasu sun ji, wasu sun ɗaga mana hannu suna tsammani gaisuwa ce. Kullum da hantsi a ɗora ni a amalanke a kai ni bakin hanya, inda gonar ta fara gangarawa. Sattam yana can tun asuba da tumakinsa goma sha ɗaya, su ne abin da yaƙi ya bar masa. Kwana tara muna zaune kamar masu jiran watan salla, muna gardama a kan wanda ya fi wani tsufa.

Rana ta goma, wajen hantsi, kwale-kwale ya ɓullo. Mai fiton baƙo ne daga ƙauyukan sama, bai san kome ba. Ya sauke mutum ya juya. Na gane shi daga tafiyarsa, tafiyar Mut'ib, da mayafi ba igal.

Tsakaninmu da shi taku ɗari biyu, iska kuma tana kaɗowa daga kogi, tana mayar mana da muryarmu. Sattam ya miƙe yana kaɗa sanda yana ihu, "Tsaya! Nakiya! Kai ɗan Mut'ib, nakiya!" Kalmar da aka shekara biyu ba a furta ba, ya yi ta zuba ta a sarari. Mijinki bai ji ba. Abin da ya gani shi ne maƙiyin ubansa a kan gonar ubansa yana kaɗa masa sanda. Muryarsa ce iska ta kawo mana: "Ka sauko in kai namiji ne!" Ya taho. Na ƙirga takunsa, ban san me ya sa ba. Talatin da ɗaya.

Sai na ga Sattam ya juya ya yi wa tumakinsa fito. Akwai wata babba mai ƙararrawa wadda yake kira Amarya, duk inda ta sa kai sauran suna bi. Ya kama kunnenta ya ja ta tsakanin duwatsu biyu, ya ɗaka mata sanda a gindi. Suka kwarara gangare.

Ba zan ba ki labarin ƙarar ba. Sau huɗu. Da ƙura ta lafa, mijinki yana tsaye, ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ulu yana sauka a kansa. Bai ƙara motsi ba.

Baya ba ta komuwa, ƙasar ta bushe ba ta riƙe sawunsa ba, mai fito kuwa ya tsere tun ƙarar farko. Mutane suka taru a bakin hanya. Kowa yana ba da shawara, babu mai ɗaga ƙafa. Sattam ya tuɓe takalmansa. Matarsa Anud ta riƙe masa riga ta ce, "Tumakin ba su isa ba? Sai ka ƙara da kanka saboda ɗan mutumin da bai taɓa yi maka sallama ba?" Ya ce, "Sake ni, mace. In ya mutu a nan, za a ce ni na dasa."

Ya bi sawun tumakin da suka tsira, daga rami zuwa rami. Tunkiya ba ta kai mutum nauyi ba, mun san haka, shi ma ya sani. Ya shiga da hantsi, bai isa wurinsa ba sai da aka kira azahar. Babu wanda ya tafi salla. Mijinki ya gaya mini abin da Sattam ya ce masa da ya iso. Ya ce, "Marhaban da mai gona. Ga zaitun ɗinka, ka ga yadda suka yi 'ya'ya?" Dahham ya buɗe baki, tsohon ya ce masa, "Rufe. Ka sa ƙafarka inda na ɗauke tawa. In ka kauce da faɗin yatsa, wallahi sai na kai ƙararka wurin ubanka."

Haka suka taho, tsoho a gaba. Har muna ganin gumin fuskarsu. Saura taku goma su kai duwatsu, Anud ta fara guɗa. Ban sani ba ko guɗar ce ta sa ya ɗaga kai, ko gajiya ce, ko kuwa abin yana nan tun shigarsa ya tsallake shi da ikon Allah. Ƙara ta biyar ta tashi, ta tafi da ƙafar Sattam ta dama, daga gwiwa zuwa ƙasa.

Mijinki ya faɗi ya tashi, ya saɓa shi a baya, ya yi takun goman nan a guje bai duba ƙasa ba. Allah bai rubuta ba, shi ke nan abin da zan iya cewa.

Aka ɗaure ƙafar da igalin wani, aka sa shi a bayan tarakta zuwa asibitin birni. Da la'asar masu gada suka zo a motarsu suna tambayar ƙarar mene ne. Na ce tumaki ne suka ci ɗanyar ciyawa cikinsu ya fashe. Babbansu ya dube ni, na dube shi. Ya ce a riƙa kula da kiwo.

Sattam yana da rai. An yanke sama da inda muka zata. Jiya ɗansa ya dawo daga can da saƙo, wai a gaya wa ɗan Mut'ib zancen lambatu yana nan, takun nan ɗaya nasa ne, kuma yanzu da ƙafa ɗaya zai auna shi. Mutane suka yi dariya. Dahham ya tashi ya fita.

Yana ɗakin baƙina. Ba ya cin abin kirki, balle ya riƙe alƙalami, shi ya sa kike ganin rubutuna. Ya je ƙofar Anud sau uku. Ba ta zage shi ba. Ta dai ce ta bayan ƙofa, "Ka tafi, ɗana, ban shirya ganin ƙafafunka ba." Ya nome gonarsu shekaranjiya da taraktar haya, ya shuka musu alkama, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gode masa. Tumaki biyar suka rage. Ɗaya tana can tsakiyar Gwiwa har yau, tana kiwo, ta ƙi fitowa, ba mai iya shiga ya koro ta.

Kada ki taso. Kada ki kawo yara. Ban san ranar da zai dawo muku ba, bai faɗa ba, ban tambaya ba. Ya ari kwale-kwale, kullum yana ɗebo duwatsu yana jerawa ta bakin ruwa daga cikin jirgin, inda hannunsa ya kai. Amma fararen duwatsu ba sa gaya wa baƙo kome, kuma fentin makaranta ya ƙare tun bara, babu shi a kasuwar Talata.

Kin saba aiko mana da shayi da sabulu. Wannan karon ki bari. Ki ba Abu Rakan jan fenti, gwangwani biyu, mai mai, wanda ruwa ba ya wankewa. In an tambaye shi a gada, ya ce ƙofa za mu shafa.

Baffanku,
Jad'an Abu Hawwas